Zarto a Gonar Fulam

Gonar Braeheid, Crossford
9 ga Agusta, 1977

Zuwa ga ɗana Gavin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Baffanka Ninian yana gaishe ka. Ya ce in tambaye ka ko gaskiya ne duk faɗin tsibirin Shetland babu bishiyar da mutum zai rataya hularsa, in kuwa haka ne, me wanda ya yi karatun lambu yake nema a can a kan motar haƙa ƙasa.

Na san ba mu saba rubuta wa juna ba. Rabona da kai tun jana'izar mahaifinka, zumuncin ma da ɗan nisa, tunda kakanka da mahaifinmu ne uwa ɗaya uba ɗaya. Amma da na zauna na duba masu sunan Tennant da suka san yadda ake kafa tsani a gangare, kai kaɗai na samu, saboda haka zaɓen bai ba ni wahala ba.

Bishiyoyin fulam sun yi 'ya'ya bana har sai da muka tokare rassa da sanduna. Matan Lanark da suka saba zuwa tsinka duk sun sami aiki a masana'anta, sun bar mu da kwanduna. Ninian ya ba saba'in baya, ni ma ina bin sawunsa. Shi ke da bishiya, ni ke da rumfar zuba kaya da fiyano, haka muka raba tun rasuwar mahaifinmu, kuma tun daga ranar babu wanda ya sa wa bishiyar gonar nan ƙarfe sai shi. Tuffar da ke bayan gida ta cin gida ce. Fulam ɗin da ke gangare zuwa kogi ita ce abincinmu, ita ce kuma abin da za mu bari, tunda daga ni har shi babu wanda ya yi aure.

In za ka sami hutu a farkon Satumba, ka zo. Akwai gado, akwai miyar sha'ir da naman rago, akwai aiki.

Sai magana ta biyu, wadda Ninian ya ce ita ce ta farko. Ranar Asabar ɗin da aka gama tsinka za a yi rawar kaka a zauren ƙauye kamar kullum. Sahun rawar su Ninian ya rasa namiji ɗaya, don Wull Baxter ya faɗo daga kan rufin ɗakin kaji ya karye a ƙugu, bakwai kuwa ba sa yin rawar mutum takwas. Ka zo da takalman rawa. In ka manta taku, ba komai, za a tuna maka.

Gwaggonka,
Elspeth Tennant

Sansanin ma'aikata, Shetland
25 ga Satumba, 1977

Zuwa ga Gwaggo Elspeth,

Ina gaishe ki da Baffa Ninian, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na iso lafiya, sai dai teku ta karɓi duk abin da kika ciyar da ni a ranar ƙarshe. Kwandon fulam ɗin ya iso, 'yan ɗakinmu suka gama da shi kafin in cire takalmi. Na gode da karamci.

Akwai maganar da na kasa faɗa miki a rumfa, don kullum Baffa yana kusa. Na daɗe ina juya ta, na ga gara in rubuta.

A rawar farko Baffa ne a kan sahu shi da Jessie Weir, maza huɗu muna fuskantar mata huɗu. Kika buga, muka rusuna, sai ya tsaya cak. Ban ƙifta ido ba Jessie ta miƙa masa hannu tun lokaci bai yi ba, ta ja shi ciki. Da ya zo zagayawa ta bayan sahu, mijinta Dod ya ɗan karkata kafaɗa ya tare masa hanyar da ba ita ba. Matar Wull Baxter, Nan, ta ɗaga hannu sama tun daga nesa don ya ga inda za shi. Da farko na ɗauka ni ake yi wa, tunda ni ne baƙo. Sai da muka zo musayar hannu Dod ya wuce ta gefena ya ce a hankali, "Ba shi hannun hagu ka juya shi wajen taga, yaro. Kada ka kalle shi."

Na yi yadda ya ce. Daga nan na zuba ido. Ƙafar Baffa babu irinta a zauren nan, takunsa tsaf, bai taɓa saɓa kiɗa ba. Inda za shi ne bai sani ba. Kin san ana canza abokiyar rawa a kowace rawa, to shi mata uku ne kawai suke karɓa-karɓa da shi, kuma kafin ya miƙe wadda ke da layi ta riga ta tsaya a gabansa. Bayanin rawa da ya saba yi kafin a fara, yanzu Dod ke yi, wai don maƙogwaron Baffa. Ban ji komai a maƙogwaronsa ba sa'ad da yake yi mini faɗa a kan tsani.

Ke kina kan fiyano, bango kike kallo. Abin da ke iso miki shi ne ƙafafu suna sauka daidai, kuma daidai suke sauka. Shi ya sa nake zaton ba ki gani ba.

A gona ma ya kira ni da sunan mahaifina fiye da sau ɗaya, kuma na tarar da shi a kan bishiyar da muka riga muka tsinke, yana lalube. Abin ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni tausayi.

Ina ganin ya kamata likita ya duba shi. Sannan ana dakatar da aikinmu a Janairu saboda iska, daidai lokacin askin tuffa, wato rage mata rassa. Ki bar ni in zo in riƙe zarto, shi ya tsaya yana nuna mini. Gonar nan tana bukatar wanda zai karɓe ta daga hannunsa tun da sauran lokaci.

Ɗanki,
Gavin

Gonar Braeheid
6 ga Oktoba, 1977

Gavin,

Mun sami takardarka. Muna lafiya, da fatan kai ma haka.

Na karanta har ƙarshe, na kuma tsaya a kan layin ƙarshe, don nan ne aka ajiye maganar. Ka yi mako biyu a gidan nan ka gano abin da ni da na tashi ɗaki ɗaya da shi ban gano ba, har ka gano wanda ya kamata ya karɓi gona. Makarantar lambu ta yi ƙoƙari.

Ba mu mutu ba tukuna. In lokaci ya yi, akwai lauya a Lanark da ya san abin da za a yi, ba sai an taso daga Shetland ba.

Na fi shekara arba'in ina yi wa sahun nan kiɗa, kunnena ya fi idon mutane da yawa. In mutum ya ɓata ina ji, don katakon daɓen zaure ba ya ɓoye wa kowa. Ban taɓa jin Ninian ya ɓata ba. Dod Weir kuwa ko hanyar coci ce sai ya nuna wa fasto, halinsa ne tun muna makaranta. Batun suna, kamarku ɗaya da mahaifinka, har da saurin ba da shawara.

Jiya na bi Ninian gangare, ya faɗa mini shekarar da aka dasa kowane layi da wanda ya haƙa ramin. Ban ga abin kai wa likita ba. Tuffa kuma shi zai yi mata aski kamar yadda ya saba. In na ce masa wani zai riƙe zartonsa, ba zai sake cin abincin da na dafa ba.

Ka bar safa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado, na wanke, ga ta nan cikin ƙunshin. Mun gode da aikin tsinka, ka yi shi da kyau, wannan ba zan hana ka ba.

E. Tennant

Shetland
2 ga Nuwamba, 1977

Zuwa ga Gwaggo Elspeth,

Ina gaishe ku, da fatan sanyi bai matsa ba. Safa ta iso, ta tarar da 'yar uwarta lafiya.

Na sake karanta abin da kika rubuto, na gane yadda kika ɗauki maganata. Laifin alƙalamina ne. Ba gado nake nufi ba, aikin nake nufi, hawa tsani da riƙe ƙarfe. Ki ba coci gonar in kin so, ko ki ba Dod, ba zan ce uffan ba. Na ji zafin zaton da kika yi mini, amma ba shi ne abin damuwa ba.

Abin da na gani a zaure na gani. Ba sai kin yarda da ni ba, ki tambayi Jessie. Hutun Janairu yana nan, in kika ce in zo zan zo, in ba ki ce ba ba zan zo ba.

Ɗanki,
Gavin

Shetland
12 ga Fabrairu, 1978

Zuwa ga Gwaggo Elspeth,

Ina gaishe ku. Na aiko kati a Kirsimeti, ban san ko ya iso ba, don jirgin wasiƙu ya sha fashi. Hutun ya zo ya wuce, na yi shi a nan ina karta da mutanen da ba su iya ba. Na ji a rediyo dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi a wajenku. Ko layi ɗaya ne ki rubuto in san kuna lafiya.

Gavin

Gonar Braeheid
5 ga Maris, 1978

Zuwa ga Gavin,

Katinka ya iso, takardunka biyu ma sun iso. Da fatan kana lafiya. Ni mura ta kwantar da ni kusan duk Janairu, yanzu na miƙe. Ninian lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci kamar mai aikin kwalta.

Zan faɗa maka abin da ya faru yadda ya faru. Ina kwance ina jin zarto kullum da safe, na ce a raina Ninian yana kan tuffa, har na ji daɗi. Ban lura ƙarar daga nesa take zuwa ba. Ranar da na iya fita na leƙa bayan gida, na ga tuffa ko reshe ɗaya ba a taɓa ba. Na bi sawunsa cikin ƙanƙara zuwa gangare.

Fulam ya yi wa aski, Gavin. Tun daga layin sama har kusan bakin kogi. Aiki mai kyau kuwa, irin askin tuffa, an buɗe tsakiyar kowace bishiya, an tara rassa gefe guda a tsare. Kai ba sai na gaya maka ba, ko ɗan shekara bakwai a kwarin nan ya san ba a sa wa fulam ƙarfe sai da ɗumi, lokacin da ruwan jikinta ke gudu ya rufe ciwo. Da sanyi kuwa ciwon a buɗe yake kwana, ciwon azurfa mai kashe fulam ya shiga. Shi da bakinsa ya koya mini wannan, ya taɓa korar ɗan aiki a kan reshe ɗaya.

Na tarar da shi yana goge zarto. Ya ce mini saura layi biyu tuffa ta gama. Na ce sannu da aiki, shayi yana hucewa. Da ya shiga gida na kai zartunan duka gidan su Dod, na ce masa an kai wasawa. Ni da Dod muka bi inda za mu iya kaiwa muka shafe wuraren yankan da fenti, ko da yake mun san mun makara.

Daga nan na shiga wurin Jessie a ɗakin girki na tambaye ta tun yaushe. Ba ta ce tun yaushe me ba. Ta ce kaka uku ke nan. Na ce shi ne kuka yi shiru.

Ta ce, "Haba Elspeth. Yaushe kika ga an tsayar da kiɗa don wani ya ɓata? Hannu ake ba shi a wuce. Mu ai zatonmu kin sani, kina yi masa a gida abin da muke yi masa a zaure."

Na dawo gida ina wannan tunani, na tarar na riga na jera masa kayan gobe a kan kujera, riga a sama, wando a ƙasa, yadda ba zai saɓa ba. Ban san yaushe na fara ba.

Likita ya zo ya duba shi, ya faɗi sunan abin, ya ce ba a warkewa. Ninian ya raka shi mota yana ba shi shawara a kan shingen gidansa.

Na yi maka mummunan zato, na janye. Amma kada ka zo yanzu, babu abin yi sai jira. Ganye ne zai faɗa mana.

Gwaggonka,
Elspeth

Gonar Braeheid
18 ga Yuni, 1978

Zuwa ga ɗana Gavin,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya. Na ga takardarka ta Afrilu, ban amsa ba don ba ni da abin faɗa. Mu muna nan. Wull Baxter ya fara takawa da sanda, yana cewa zai koma sahu da kaka, matarsa tana cewa sai dai a kan gawarta.

Fure ya yi kyau har na fara sa rai. Da ganye ya cika sai na fara ganin abin, reshe nan reshe can sun yi fari-fari kamar an shafa musu dalma. Yanzu fiye da rabin gangaren ne. Wasu bishiyoyin sun tafi, sai dai a tumɓuke a ƙone. Da yawa kuwa za su tsira in aka bi kowane reshe mai ciwo aka yanke shi har inda itacen ya koma fari tas babu baƙin zane a ciki, aka ƙone abin da aka yanke. Dole a gama kafin ƙarshen Agusta, in sanyi ya fara shigowa an sake komawa gidan jiya. Aikin mai ƙarfi ne a kan tsani. Dod ya tsufa, ni ban taɓa riƙe zarto ba, kuma a kwarin nan babu idon da ya kai na Ninian sanin inda ciwo ya tsaya. Idon yana nan. Zarton ne ba zan sake ba shi ba.

Na yi ta kewaye da shi kada ya gangara, amma ranar Talata da safe ya riga ni fita. Na same shi a layi na uku riƙe da ganye. Ya juya shi, ya ɗaga kai ya dubi wuraren da aka yanke, ya sa yatsa a kan ɗaya. Fuskarsa ta koma irin ta da, ta mutumin da ya san komai a gonarsa. Ya ce wannan yankan sanyi ne. Na ce haka ne.

Ya ce, "Wane jakin ne ya sa wa fulam zarto da sanyi a gonata? Ina nake aka yi wannan?"

Ya tsare ni da ido yana jira. Na ga kamar amsar tana tahowa masa daga nesa da kanta. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. In ta iso, na san ba zai sake taka gangaren nan ba, ba na kuma jin zai daɗe bayan haka.

Na ce Gavin ne. Na ce ka zo hutu a Janairu lokacin muna kwance da mura, ka so ka taimaka.

Sai ya zage ka, ya zagi makarantar lambu, ya haɗa da kakanka. Da ya gaji ya ce, "Rubuta masa. Shi ya ɓata, shi zai zo ya gyara, ina tsaye a ƙasa ina kallonsa. Ba zan taɓa masa ko reshe ɗaya ba, ya ji yadda ake ji."

Yana manta abin da ya ci da safe, amma wannan ya riƙe. Kullum sai ya tambaya ko jakin ya amsa. Ya faɗa wa Dod, ya faɗa wa fasto a ƙofar coci, ya faɗa wa mai kawo madara. Su Jessie sun san gaskiya, sauran ƙauyen ba su sani ba, kuma ba zan iya bi gida gida in gyara ba tare da ta dawo kunnensa ba. Ga mai takardar shaidar lambu na san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ban nemi izninka ba, kuma bara na yi maka abin da ya isa ka ƙi. In ka zo, za ka bar aikin da ake biyanka da kyau, ka yi wata biyu a kan tsani ana zaginka daga ƙasa a kan abin da ba ka yi ba. Godiya kuwa ba za ka taɓa ji daga bakinsa ba. Ban ga dalilin da zai sa mai hankali ya yarda ba. Ina dai tambaya.

Gwaggonka,
Elspeth

Shetland
24 ga Yuni, 1978

Zuwa ga Gwaggo Elspeth,

Ina gaishe ki, da fatan gwiwa da sauƙi. Ki gaishe da Baffa, in zai amsa.

Na ajiye aiki yau. Zan shiga jirgin ruwan Alhamis, in kwana a Aberdeen, in iso Lanark ranar Asabar a motar yamma. Kada kowa ya zo tarya, na san hanya. Ki ce wa Dod ya dawo da zartuna, a kuma tara busasshen itace a ƙasan gangare don wuta.

Ki gaya wa Baffa na ji, na kuma ji kunya, ban da abin cewa.

Abu ɗaya nake so kafin in shiga gida. Ki bar mini 'yar takarda a wurin Jessie, zan biya ta can. Ki rubuta mini daga wane layi na fara, da wane zarto na yi, da inda na tara rassan. Na san Baffa, zai tambaye ni ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na so in kasa amsawa.

Ɗanki,
Gavin